Gurasar Baba Zaur

Sana'ata gwanjo. Na shekara ashirin ina sayen dila a rufe a Ƙofar Wambai, in yanke igiya in ga abin da Allah Ya ba ni, har na gaji da cacar na ce bari in je inda ake ɗaure dilar in zaɓi kayana da hannuna. Abin da ya kai ni Manchester ke nan. Labarin nan kuwa rabinsa nawa ne, rabinsa na wani tsoho ne da ya taɓa riƙe gwamnati a wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba sai a bakinsa.

Zangona na farko unguwar Cheetham Hill. Akwai wani ɗan garinmu da muka yi wata shida muna waya, ya ce ya tanadar mini ɗaki da sito cike da kaya lamba ɗaya. Da na isa adireshin da ya ba ni, shago na tarar a rufe, ciyawa ta fito ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfen. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu ta mutu, har yau ba ta tashi ba. Na tsaya da akwati a cikin yayyafin nan nasu da ba ya zuba ba ya ɗaukewa, ina tuna abokan kasuwa da suka rako ni suna cewa sai na dawo da kwantena. An cuce ni, na kuma san an cuce ni, to tsayuwa ba za ta ƙara mini komai ba. Na ja akwatina na bi layin sito-sito ina tambaya.

A na huɗu na dace da wani Bafakistane da ya yarda in riƙa zaɓen kaya da kaina, amma ya ce layi ake bi, kuma kafin in haɗa abin da zai cika rabin kwantena sai na yi watanni. Muna cikin magana na lura da wani tsoho a teburin takalma yana kallon ƙafata. Dogo ne, farin gashi, hancinsa kamar na Buzu, ya ɗaura taye a ƙarƙashin rigar aiki. Ya zaro wasu takalma masu kauri daga tarin gabansa, ya nuna wa mai siton ya ce a rubuta da sunansa, sannan ya ajiye su a gabana. Nawa na Kano sun riga sun sha ruwa sun zama kamar jiƙaƙƙen kwali.

Ma'aikatan wurin suna kiransa Firaminista. Na ɗauka irin tsokanar da muke yi ce, mu kira mai tura baro Gwamna. Sunansa Zaur, ni kuwa tun ranar na sa masa Baba. Da ya ji ba ni da wurin kwana bai yi dogon tunani ba, ya ce yana da ɗan gidan haya na gwamnati, ɗaki ɗaya da falo, kujerar falon doguwa ce. Na yi wata huɗu a kan kujerar nan.

Turancinsa a karye, nawa a karye, amma mun fahimci juna. Ya tambaye ni abin da ba na ci, na gaya masa, daga ranar bai ƙara shigo da shi gidan ba. Duk Lahadi da safe sai ya kwaɓa fulawa ya gasa wata irin gurasa mai faɗin faranti, cikinta cuku da dankali. Ranar da na fara jin ƙamshinta na tuna gurasar Jakara, na tuna Hadiza matata tana yayyafa mata ƙuli da mai, sai da na fita baranda na ɗan tsaya. Kullum uku yake gasawa, ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ya tsaya a kansu ya yi 'yan maganganu da yarensu kafin ya yanka. Na ɗauka iyakar abin da murhunsa ke ɗauka ke nan. Ban taɓa tambaya ba. Shi ma bai taɓa cewa komai ba, sai dai, "Ci, ɗan kasuwa, gidanku ne."

A kan gurasar nan na ji tarihinsa, kaɗan-kaɗan. Ƙasarsu Ossetia, can cikin duwatsun da ke tsakanin Rasha da Jojiya, rabi a wannan gefen dutse rabi a wancan. Shi ɗan gefen kudu ne, inda suka ce sun ɓalle sun zama ƙasa, yawancin duniya kuma ta ce ba ta san zancen ba. Ubansa makiyayin tumaki ne. Shi ya yi karatun injiniyan hanya, ya fara aiki da share ƙanƙara daga hanyar da ke ratsa dutse. Da yaƙi ya zo aka rufe gari, shi ya riƙa shigo da motocin fulawa ta hanyar da ya san kowace kwanarta. Mutane suka san sunansa, suka zaɓe shi majalisa, daga nan aka ba shi minista. Bayan wani yaƙin kuma, da gari ya zama kango, aka ɗora shi kan gwamnatin gaba ɗaya na wani ɗan lokaci. Ya nuna mini hoto: shi ne a tsakiya, gashi baƙi, sojoji na sara masa. Na dubi hoton na dubi mutumin da ke wanke mini kofin shayi. Na daina dariya idan 'yan sito sun ce Firaminista.

Halinsa na gane shi ne ranar da wasu takalma masu kyau suka shigo, irin waɗanda ko a Sabon Gari ba a taya su sau biyu. Wani ɗan Ghana ne a gabana a layi. Na raɗa wa Baba cewa ya ɗan tura mini su gefe. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya riga ka." Na ce ai gida ɗaya muke kwana. Ya ce ya sani, amma ya riga ni. Ɗan Ghana ya kwashe su a kan idona. Na yi kwana biyu ina gaishe da Baba a taƙaice.

Ranar Lahadi ya yanka gurasa ya turo mini, ya ce ba ni ne na fara fushi da shi a kan layi ba. Ya tashi ya ɗauko wani tsohon fayil mai igiya. A cikinsa akwai kwafin takardu, sunaye jere da rubutunsu. Ya ce bayan yaƙin gidaje sun rasa rufi, sanyi na tafe, kwanon rufin da aka samu kuma ba zai isa ba. Sai ya tsara layi: gidan da ya fi lalacewa da mai ƙananan yara su ne a gaba. Gidan wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya faɗo can ƙasa, don rabin rufinsa na nan kuma 'ya'yansa sun girma. Wan ya zo ofis ya zauna a benci tun safe. Baba ya san yana nan, ya kuma san abin da ya kawo shi, sai ya fita ta ƙofar baya. A cikin sanyin nan ciwon ƙirji ya kama wan, bai tashi ba. Ranar jana'iza Baba yana wata ƙasa yana roƙon ƙarin kwano. Direbansa ya aika da furanni masu ɗauke da sunan gwamnati.

Daga baya wasu manya suka so a sa nasu a gaba, ya ƙi. Suka ce shi ya karkatar da kwanon. Aka sauke shi, aka fara kiransa amsa tambayoyi, ya ga alamar inda abin zai ƙare ya bar ƙasar. Matarsa ta rasu a Manchester, ba su haihu ba. Duk duniya jininsa da ya rage shi ne ɗan wan nasa, Ruslan, mai gyaran tukunyar ɗumama gida a Birmingham. Tafiyar awa biyu tsakaninsu, amma tun rasuwar ubansa bai ƙara yi wa Baba magana ba. Wasiƙun da ya aika duk sun dawo ba a buɗe ba.

Ana nan likitansa ya tura shi asibiti, aka ce sai an yi masa aikin zuciya, aka sa rana. A makon ne kuma matar Ruslan ta kira shi a ɓoye. Ta haifi namiji, an sa masa sunan marigayi uban Ruslan, ranar Lahadi za a yi walima a gidansu a unguwar Perry Barr. Ba ta ce mijinta ya gayyace shi ba, ta dai ce ƙofa ba za ta kasance a kulle ba. Baba ya gaya mini a fili cewa yana so ya shiga gidan nan kafin a kwantar da shi, domin bai san ko zai tashi ba.

Ni ma a ranar ina da tafiya Birmingham. Kayana sun fara taruwa, kuma akwai wata Madam Rifkatu a Lozells, 'yar Pankshin, ma'aikaciyar jinya, ita ke haɗa 'yan Arewa su yi tarayya a kwantena ɗaya. Matar nan ba ta taɓa ganina ba, amma tun da aka ba ta lambata take kira ta ji ko na samu rigar sanyi, har yaji da daddawa ta aiko mini. Na yi hayar mota mai ɗaukar kaya na ce wa Baba ya shirya.

Da sassafe ya gasa gurasarsa uku, ya naɗe su a farin ƙyalle ya ajiye a tsakaninmu. Ya sa kwat ɗinsa mafi kyau, ya rungume fayil. Tun daga fitarmu gari yake karanta mini jawabin da ya shirya wa Ruslan. Yadda aka tsara layin. Gidajen da ke gaban na ubansa da yaran da ke cikinsu. Abin da zai faru da ya tsallake da ɗan'uwansa. Jawabi ne mai kyau, da a majalisa ne da an tafa. Ya tambaye ni yadda na gani. Na ce Baba, ni dai a kasuwa idan mutum ya dawo mini da riga a yage yana huci, ba na fara zaro masa rasit, ko da ni ke da gaskiya. Ya ce gwamnati ba shagon gwanjo ba ce. Na ce haka ne. A haka muka shiga Birmingham.

A Lozells mun tarar Madam Rifkatu ta dawo daga coci da 'ya'yanta, ko ɗankwali ba ta cire ba. Ta tare ni kamar ƙaninta. "Malam Haladu, ashe haka kake, duk a rame. Ba sa ba ka abinci a Manchester?" Ta gaishe da Baba har da rusunawa, ta nuna masa banɗaki don yana so ya wanke fuska ya gyara taye. Ni kuma na sauke dilolina a garejinta.

Da na gama sai kunya ta kama ni. Ga matar da ta yi mini alheri, na taso tun daga wani gari, na zo mata hannu biyu babu tsaraba. A gidanmu ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Na leƙa mota na ga farin ƙyalle. Na ce a raina gidan walima ai abinci ba ya yankewa, guda ɗaya ba za ta rage komai ba, Baba kuma kullum cewa yake gidanku ne. Na zare ta sama, na mayar da ƙullin yadda yake, na kai mata. Ta ce, "Kai, har da wahala? An gode, Allah Ya ƙara arziki." Kafin Baba ya fito ta shige da ita kicin, ina jin yaran suna gardama da Turancinsu na Birmingham a kan wa ya samu babban yanki.

A Perry Barr na tsaya 'yan gidaje kaɗan kafin na Ruslan. Motoci sun cika layin, ana jin kiɗa ƙasa-ƙasa. Baba ya ɗauki ƙullin ya ɗora a cinya, sai na ga ya ɗan jinjina shi. Ya kwance. Ya daɗe yana kallo.

"Ina ta ukun?"

Na gaya masa gaskiya, har da dalilina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a wurinsu uku ake kaiwa wurin murna: ɗaya ta Allah, ɗaya ta rana, ɗaya ta ƙasa. Idan mutuwa aka yi sai a cire ta rana, domin rana ta daina fito wa mamaci. Biyu gidan makoki ake kai su. Wanda ya shiga da biyu gidan da aka yi haihuwa, kamar ya yi wa jaririn fatan kabari ne.

Na shekara ashirin ina alfahari ba a yi mini wayo a ƙirgen kaya, ga shi na ɓata wa mutum abin da ya yi shekara da shekaru yana jira saboda ban taɓa tambayar me ya sa uku ba. Na ce mu koma Lozells, na ga shagon Fakistanawa masu gasa burodi mai faɗi, in saya ɗaya mu saka a tsakiya, wa zai lura. Ya ce duk wanda ke gidan nan zai lura, tun daga bakin ƙofa. Na ce to mu bar su a mota ya shiga haka. Ya ce dattijo ba ya shiga haka.

Sai ya tambaye ni wa ya ci. Na ce yara. Ya gyaɗa kai ya ce to ba ta lalace ba.

Muka zauna. Yana kallon gurasar, ina kallon sitiyari. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Furanni na aika. Ban taɓa kai masa biyu ba." Ya ɗauke fayil ɗin daga ƙirjinsa ya tura shi ƙarƙashin kujera. Ya ce in buɗe bayan motar, in je in ƙwanƙwasa in ce wa Ruslan ana sallama da shi a waje, kada ya fito da kowa.

Wata mata ce ta buɗe, da jariri a kafaɗa. Da ta hango wanda ke tsaye a bayan mota sai ta juya ciki da sauri. Ruslan ya fito, ƙaƙƙarfan mutum mai kamar shekara arba'in, hancin nan iri ɗaya. Ya tako har inda muke, fuskarsa a ɗaure. Na ga bakinsa ya shirya magana, kuma ba mai daɗi ba. Sai idonsa ya sauka a kan farin ƙyallen da Baba ya shimfiɗa a bayan motar. Na ga yana ƙirgawa. Ya dubi gidansa, ya dubi Baba, jijiyar wuyansa ta tashi, ni kuwa na matso kusa don ban san abin da zai biyo baya ba.

Baba ya cire hularsa. Ya yi magana da yarensu, gajeriya, ba ta kai ko kwatan jawabin mota ba. Sunan wansa kaɗai na gane, ya faɗe shi sau biyu. Daga baya na tambaye shi me ya ce, ya ce cewa ya yi waɗannan ba na yaron ba ne, na uban Ruslan ne, sun makara, kuma ranar da uban ya zauna a benci shi Baba ya san yana nan.

Ruslan ya tsaya hannuwansa a aljihu, sannan ya zaro su ya sauke a gefe, ya sunkuyar da kai. Sun yi kamar minti biyu a haka, bas ta wuce, wani Bature da karensa ya ratsa ta gefenmu. Sai Ruslan ya juya ya koma gida, ya rufe ƙofa.

Baba ya ci gaba da tsayuwa, hula a hannu, yayyafi na sauka a farin gashinsa. Na ce ya shiga mota saboda zuciyarsa. Ya ce wansa ya yi wuni guda a benci, shi ma zai iya ɗan tsayawa. Na cire rigar sanyina na riƙe a saman gurasar don kada ta jiƙe, abin da na ga zan iya ke nan.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ƙofar ta buɗe, matar Ruslan ta fito, wannan karon babu jariri, tana riƙe da faranti da gurasa guda ɗaya tana tururi. Ta zo ta ɗora ta a kan biyun nan, ta gyara gefenta da yatsa. Ta yi maganar da Turanci, ina jin don ni ma in ji.

"Ya ce ka shigo da su da kanka. Babu babba a teburin, tun ɗazu ba a fara ba."

Na so in tallafa wa Baba, ya girgiza kai. Ya ɗauka ya bi ta a hankali. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Ɗan kasuwa, taho. Amma ka sa hannunka a aljihu."

An zaunar da shi a kujerar babba a teburin, kowa ya miƙe da ya miƙe. Ruslan bai yi masa dariya ba ranar, ban kuma ga sun rungumi juna ba. Amma shi ya riƙa zuba masa ruwa, kuma ranar aikin zuciyar shi ya tuƙo tun daga Birmingham ya zauna a bencin asibiti har aka fito da shi. Madam Rifkatu da ta ji labarin ta riƙe baki ta ce, "Malam Haladu, Allah ne Ya rufa maka asiri, amma kada ka ƙara yi mini tsaraba da kayan mutane."

Da zan mayar da motar haya na tsinci fayil ɗin a ƙarƙashin kujera. Na kai wa Baba. Ya juya shi a hannu, ya miƙo mini ya ce takalma suna son takarda a ciki don kada bakinsu ya lotse a kwantena.

Haka na yi. Bayan wata biyu ina zaune a shagona a Ƙofar Wambai, wani mai saye ya zaro dunƙulalliyar takarda daga bakin takalmi ya warware ta, ya ga sunaye jere da wani rubutu da bai sani ba. Ya ce, "Alhaji, wannan fa, laya ce?" Na ce a'a, layi ne, kuma kowa da ke ciki ya riga ya samu nasa. Na karɓa na ninke na sa a aljihu, na ce ya gwada ɗaya ƙafar.